Rigar matuƙin taurari: awo ba ya ƙarya

Akwai wani mutumin Damagaram da ke zaune a birnin Liyon na ƙasar Faransa, yau shekara talatin ke nan da ɗoriya. Sana'arsa tuƙin bas ce. Tun da asuba yake zama bayan sitiyari, yana kwasar ma'aikata da ƴan lakwal daga unguwa zuwa unguwa, har rana ta take tsaka. Mutum ne mai kamun kai, ba ya shiga sabgar da ba tasa ba, ran Juma'a kuwa in ya zuba babbar riga ya kafa hula, sai ka rantse daga ƙofar fadar sarki ya fito. Duk wanda ya san shi haka, da wuya ya yarda cewa wannan dattijo, da furfura a gemu, ya kwashe wata biyu cur yana fama da zancen riga guda mai ruwan goro, irin ta matuƙan jiragen yaƙi na cikin silima. Amma haka aka yi, ga kuma yadda aka yi.

Asalin maganar ya koma can baya, wajen shekarar 1980, sa'ad da yake yaro ɗan shekara goma sha biyu. Wani dare wansa ya biya masa kuɗin shiga gidan silima, irin na wancan zamani marasa rufi: bango huɗu, da benci, da farin allo. Fim ɗin da aka nuna shi ne wanda George Lucas ya fitar a Amurka a 1977, Star Wars, wanda Faransawa suka raɗa wa La Guerre des étoiles, wato yaƙin taurari. Yaron bai fahimci rabin Faransancin da ake yi ba. Abin da ya riƙe shi ne hamadar farkon fim, wadda aka ɗauka a kudancin Tunisiya, da kuma wani saurayi ɗan ƙauye da ya bar gonar baffansa, ya wayi gari cikin riga mai ruwan goro da farar falmaran, zai hau jirgi. Da jiragen suka tashi a allo, yaron ya ɗaga kai sama, sai ga taurarin Allah na gaskiya sun ɗora daga inda allon ya tsaya. Daga wannan dare ya ƙudura a ransa zai zama matuƙin jirgin sama.

Bai zama ba. Ya kai har lise, kansa na ja a lissafi, amma ran da aka gwada idanunsa sai aka tarar ba sa hango nesa sai da tabarau. Ya zo Faransa karatu, karatun bai kai ƙarshe ba, aure ya zo, ƴaƴa suka biyo baya, bas ta samu. Bai taɓa kuka da rabonsa ba. Yakan ma ce cikin raha ai kalmar guda ce, mai jirgi matuƙi, mai bas matuƙi, bambancin kawai tazarar da ke tsakanin mutum da ƙasa.

Autarsa yarinya ce ƴar shekara goma sha uku, mai sunan mahaifiyarsa, don haka “Uwata” yake kiranta. Tana ƙarama ba ta rabuwa da shi. Da ta shiga kwaleji sai ta fara janyewa: ta dawo, ta gaishe shi a tsaye, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Hausar da take yi a da ta riƙa zubewa, har ya zamana in ya yi mata magana da Hausa sai ta mayar masa da Faransanci. Abu guda ya rage da ke zaunar da su kan kujera ɗaya, shi ne finafinan nan na taurari. Ita gwanarta ita ce Rey, budurwar da ta fito a kashin 2015, wadda aka yasar cikin hamada tana tsintar tarkacen jirage don ta ci abinci. Akwai wurin da budurwar ke zaune ita kaɗai da maraice, ta ɗauki wani tsohon kwalkwalin matuƙi da ta tsinta, ta kifa a ka, ya yi mata yawa.

Wani dare cikin watan Fabrairu, suna kallon wannan wuri, sai autar ta ce, ba tare da ta dube shi ba: “Baba, akwai taro a Cusset ƙarshen Afrilu. Ni zan yi shigar Rey. Kai ka yi ta mai kwalkwalin.” Ya ce: “Uwata, da gemun nan nawa?” Ta ce: “Ba kai ka ce ka so zama matuƙi ba?” Ya yi shiru. Shekara biyu ke nan rabon da ta roƙe shi wani abu wanda ba kuɗi ba. Ya ce: “To, na yi alkawari.”

Mai karatu na iya tambaya wane irin taro ne wannan. Cusset ƙaramin gari ne manne da Vichy, tafiyar awa biyu da ɗan wani abu daga Liyon, inda sama da shekara ashirin masu son waɗannan finafinai ke haɗuwa sau ɗaya a shekara, da yawansu cikin shigar mutanen fim. Al'adar ta girmi Star Wars. A 1939, a taron duniya na farko na masu sha'awar almarar kimiyya da aka yi a Niyu Yok, wasu mutum biyu, Forrest Ackerman da Myrtle Douglas, suka zo cikin tufafin mutanen gobe, waɗanda ita ta ɗinka da hannunta. Daga baya aka kafa ƙungiyoyi na ƙasa da ƙasa, irin su Rebel Legion, masu rubutattun ƙa'idoji kan kowace riga, waɗanda ba sa karɓar mutum sai sun ga hotunansa gaba da baya, kuma sukan kai ziyara asibitocin yara cikin shigarsu.

Uwargidansa da ta ji labari dariya ta yi har da riƙe ciki: “Malam, tashe za ka yi da tsufanka?” Ya ce mata ai shi ɗan garin wasan kara ne, inda talaka ke wayar gari gwamna da lambobin kara a kafaɗa, ba kuma wanda ya taɓa cewa ya taɓu. Ya ƙara da cewa tun 1966 Mustafa Alasan ya yi fim kan saurayin da ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa. Ta ce ta ji, sai dai kada ya bari ƴan masallaci su gan shi.

Alkawari kaya ne. Kwalkwali da farar falmaran da ɗan akwatin da ake ratayawa a ƙirji, yarinyar ce ta samo su na hannu a wajen wani ɗan ƙungiya da ya gaji da abin. Rigar ce aka bar wa uban. Faransawa na ce mata combinaison: riga ce haɗe da wando, yanki guda daga wuya har idon sawu, da zif guda a gaba. Wanda ya tsara tufafin fim ɗin, John Mollo, Baturen Ingila ne masanin tarihin kakin soja, wanda ya rubuta littattafai a kansa, ya kuma ci kyautar Oscar a 1978 saboda wannan aiki. Bai ƙirƙiro rigar daga iska ba, kayan matuƙa na gaskiya ya duba. Launin ma da dalilinsa: ruwan goro shi ne wanda ido ya fi saurin hangowa a kan teku ko cikin daji, in ana neman wanda ya faɗo. Da irinsa Yuri Gagarin ya kewaya duniya ran 12 ga Afrilu 1961, da irinsa kuma ƴan sama jannatin Amurka suka riƙa tashi da sauka daga 1988 har 2011.

Da mutumin ya shiga intanet yana bincike, sai ya tarar hanya uku ce a gabansa. Ta farko, rigar sojan saman Amurka ta gaskiya, wadda ake kira CWU-27/P, ana samunta sabuwa, ana kuma samunta a kayan bosho na soja. Komi nata da hikima aka yi shi. Zif ɗinta baki biyu gare shi, yana buɗewa daga sama, yana buɗewa daga ƙasa. Aljihunan ƙirji a karkace suke don hannu ya shiga ko da mutum na ɗaure a kujera, akwai na ƙafa inda mai zaune zai iya kaiwa, akwai na alƙalami a damtsen hagu. A ƙugu akwai maɗauri irin mai kamawa kamar ƙarangiya, na rage faɗi. Yadin kuwa Nomex ne, wanda kamfanin DuPont ya ƙera a shekarun 1960, ba ya narkewa ya manne a fata in wuta ta kama. A kan fasalin wannan riga aka yi ta jaruman SOS Fantômes na 1984, shi ya sa masu kwaikwayon wannan fim suke rububinta. Shi dai ba ta yi masa ba: koriya ce ko ruwan ƙasa, yadin kuma ba ya shan rini irin na gida. Ko marinar Kano aka kai ta, yadda ta shiga haka za ta fito.

Hanya ta biyu, rigar wasa ta kantin kayan biki, ta leda mai ƙyalli, wadda aka zana wa aljihu da fenti. Kuɗinta kaɗan, amma araha ba ta ado. Akwai kuma abin da ya fi ado muhimmanci a wurinsa. Tun 2002, da duniya ta ga hotunan fursunonin Gwantanamo, riga haɗe da wando mai ruwan goro ta sami wata ma'ana ta dabam, ga shi kuma launin ma'aikatan gyaran hanya ne. Baƙin mutum mai gemu, in ya tsaya bakin titi cikin irin wannan riga ba ta zauna masa yadda ya kamata ba, ba matuƙi mutane za su gani ba. Ya san haka sarai, bai kuma so ƴarsa ta tsaya kusa da shi ana yi masa wannan kallo.

Saura ta uku: riga ta yadin auduga mai kauri gauraye da zaren roba, wadda aka yanka a kan fasalin ta sojan, mai ruwan goro, kuɗinta Yuro 90, kusan jika 59 ke nan na sefa. Ita ya zaɓa, zaɓin kuma daidai ne. Wajen lamba aka sami matsala. Irin wannan riga da awon Amurka ake sayar da ita: lamba da harafi. Lambar ita ce zagayen ƙirji da inci, inci guda kuwa santimetir 2,54 ne, tana hawa bibbiyu, 38, 40, 42, har sama. Harafin na tsawo ne: S na gajere, R na matsakaici, L na dogo. Lambar kwat ta Faransa ita kuma rabin zagayen ƙirji ce da santimetir, don haka in ka cire 10 daga ta Faransa sai ka sami ta Amurka. Mutumin ya san lissafi. Ya buɗe kabad ya duba kwat ɗin aurensa, 50 aka rubuta, ya cire 10 ya sami 40. Wajen harafi ya ce shi ba dogo ba ne can, R ta isa. Metir ɗin awo na uwargida na nan cikin gwangwanin allura, taku uku daga inda yake zaune. Bai taɓa shi ba.

Bayan kwana goma saƙo ya iso. Ya jira gida ya yi shiru, ya shiga makewayi ya kulle. Ƙafafu suka shiga lafiya. Hannun dama ya shiga. Da ya zo sa na hagu sai da ya duƙa kamar mai neman allura a ƙasa. Zif ya hau har cibiya ya tsaya, ya ja numfashi ya shanye ciki, ya kai shi ƙirji da ƙyar. Ya dubi madubi: kafaɗunsa sun rankwafa, wuyan rigar na jansa ƙasa ta baya, hantsar wandon na jansa sama. Ya gwada ɗaga hannu, bai wuce kafaɗa ba. Ya gwada zama a bakin bahon wanka, sai ya ji ɓarr, ɗinkin baya ya buɗe tsawon taƙi guda. Abin da ya yage kuwa ba a mayar wa mai shi.

Ya daɗe tsaye gaban madubin. Babbar riga mai rufin asiri ce: mutum ya rame ta rufe, ya yi tumbi ta rufe, shekara ashirin tana kansa ba ta taɓa tambayarsa abin da ya ci ba. Kakin aiki ma riga dabam ce, wando dabam, in ciki ya fito sai a sassauta bel, a sauke wandon ƙasa kaɗan. Rigar matuƙi ba ta da wannan kara. Yanki guda ce, duk abin da aka ƙara a gaba sai ta karɓo shi daga baya. A cikin minti biyu ta faɗa masa abin da ba wanda ya faɗa masa a gidan: zaman awa takwas kullum bayan sitiyari ya bar shaidarsa, saurayin da ke cikin kansa kuma ya daɗe da tafiya.

Ya naɗe ta ya tura akwatin bayan mota. Da autar ta tambaya ya ce ba ta iso ba tukuna. Mako uku yana faɗin haka. Ita kuwa tana ta aikinta, ta rina farin ƙyalle da ruwan shayi don ya yi kamar ya sha ƙurar hamada, ta yi sanda da bututun roba. Wani maraice ta tsaya bakin ƙofar falo ta ce: “Baba, in ba ka so ka faɗa mini. Ba komi.” Ta koma ɗaki ta rufe ƙofa a hankali. Da ta yi fushi ne da abin ya zo masa da sauƙi. Wannan “ba komi” shi ya hana shi barci, domin ya gane ta fara koyon kada ta sa rai da maganarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ga shi saura mako biyar, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Kashegari da ya tashi aiki ya nufi Guillotière, unguwar da shagunan ƴan Afirka suka taru, wurin wani tsohon tela mutumin Maraɗi da ke ɗinka masa kayan salla. Ya ce: “Alhaji, wani abin kunya na kawo maka.” Tsohon ya shimfiɗa rigar a kan tebur, ya bi ta da metir daga kafaɗa har hantsa, sa'an nan ya dube shi ta saman tabarau. “Ɗan Damagaram, wa ka saya wa rigar nan, kai ko ƙanenka?” Ya yi masa bayanin kwat ɗin aure da cire goma. “Yaushe aka ɗaura auren?” Ya ce 2001. Tela ya ce: “To, ango ka saya wa, ango kuwa ya yi tafiya. Je ka ka zo da mai abin. Ita ta san hoto, ni na san almakashi, kai jiki kawai za ka kawo. Kafin ku zo kuma ka faɗa mata gaskiya.”

A daren ya ƙwanƙwasa ƙofarta, ya miƙa mata rigar da yagarta. Ya ce ta iso tun mako uku, ta yi masa kaɗan, kunya ce ta hana shi faɗa. Ta juya rigar, ta zura hannu cikin yagar, ta dube shi, sai dariya ta kufce mata, shi ma ya taya ta. Ta ce: “Na ɗauka ni ce ba ka so a gan ka da ni.”

Ran Asabar suka je tare. Tela ya ce mata: “Amaryata, ga takarda ga alƙalami. Zan faɗi lamba da Hausa, da Hausa za ki rubuta, nan ba lakwal ba ce.” Ya sa uban ya tuɓe har ƴar ciki, domin awo a kan abin da mutum zai sa ƙarƙashin rigar ake yinsa. Ya ce ya tsaya yadda yake tsayuwa in ba mai kallonsa, ya bar shanye ciki, metir ba surukinsa ba ne. Ya zagaya ƙirji ta ƙarƙashin hammata, inda ya fi faɗi: ɗari da goma. Ya zagaya ciki daidai cibiya: ɗari da goma sha uku. Tsawo, metir guda da tamanin da huɗu. Yarinyar tana rubutawa tana maimaitawa a hankali, ta kasa tamanin sau biyu, tsohon ya gyara mata.

Sa'an nan ya ce saura uwar awo, wadda masu saye daga nesa suke mantawa. Ya ɗora kan metir a kafaɗa kusa da wuya, ya sauko da shi ta gaba, ya bi tsakanin ƙafafu, ya hau ta gadon baya har ya komo inda ya fara: ɗari da saba'in da bakwai. Ya auna wannan zagaye a jikin yagaggiyar riga, ɗari da sittin da biyar. Ya ce: “Kun ga ɓarawon. Santimetir goma sha biyu ka ci bashi, ɗinki ya biya. Hannu in ya yi tsawo a rage, safar hannu ma za ta rufe shi. Ƙafa takalmi mai dogon wuya zai haɗiye ta. Faɗi in ya yi yawa aikin rabin yini ne. Amma gangar jiki in ta gaza, ba telan da zai ƙara ta, sai dai ya raba rigar biyu a ƙugu ya sa ƙyalle, kowa kuwa zai gani.”

Ya ci gaba da cewa awon jiki ba shi ne awon riga ba. Dole a bar sarari a wannan zagaye, santimetir shida zuwa takwas, domin matuƙi a zaune yake aiki, mutum kuwa in ya zauna bayansa ƙara tsawo yake yi. Kada kuma a wuce gona da iri: in sararin ya yi yawa hantsa ta sauko gwiwa, yadin ya tattare ƙarƙashin maɗaurai, mutum ya koma kamar yaron da ya sa rigar ubansa. Tsakanin ƙirji da ciki, wanda ya fi girma shi ake bi. Auduga kuma takan koma in ta sha ruwa, don haka sai an wanke rigar kafin almakashi ya taɓa ta. Yarinyar ta raba 113 da 2,54, ta sami 44 da rabi. Tela ya ce in lamba ta faɗa tsakani sama ake hawa. Ta rubuta 46, ta ɗora L, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Wata Yuro 90 ta sake fita, wadda ya biya da aikin ranakun Lahadi biyu. Da sabuwar ta zo aka wanke ta sau biyu, aka kai wa tsohon. Ya rage kafaɗu, ya tsuke ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa don su shiga takalmi. Yarinyar ta nuna masa a hoto cewa ta fim wuyanta a tsaye yake da ɗan harshe mai rufewa, aljihunanta kuma masu marfi ne. Sai ya jawo yagaggiyar, wadda launinsu ɗaya, ya yanko wuya da marafan aljihu daga jikinta. Ya ce: “Ka ga rigar ango ma ta yi rana.”

Ran gwaji ya sa shi ya zauna kan kujera, ya tsuguna, ya ɗaga hannu biyu sama kamar mai ciro kaya daga kanta. Sa'an nan ya ce: “Yi ruku'u mu gani. Yini guda za ka yi cikinta, rigar da ta hana mutum kai goshi ƙasa kuwa mari ce.” Ya yi, ba abin da ya ja, ba abin da ya yi ƙara. Ya miƙe ya dubi dogon madubin shagon. Dattijo ne ya gani, mai tumbi da furfura da tabarau, amma kafaɗunsa a miƙe suke, rigar kuma ta bi jikinsa kamar da ita aka haife shi. Tela ya karɓi kuɗin ɗinki, ya ce na awo kuwa hoto yake so.

Ran taron suka kama hanya tun da sassafe. Wurin ya cika da sojoji masu farin sulke, da mayaƙa masu takubban haske, da yara a kafaɗun iyayensu. Matuƙa masu ruwan goro sun kai goma, suka ja shi cikin layinsu aka ɗauki hoto, ba wanda ya tambaye shi shekarunsa ko daga ina ya fito. Wani saurayi dogo, wanda tasa rigar ta tattare masa a wuya, ya matso ya tambaye shi lambar da ya saya. Ya ce 46L, da murya sosai, ya kuma nuna masa da hannu yadda ake zagaya metir daga kafaɗa a komo kafaɗa. Da la'asar, suna zaune bakin matakala suna cin burodi, autar ta ɗauki kwalkwalinsa ta kifa a ka. Ya yi mata yawa, ya rufe mata ido. Daga ciki ya ji muryarta, da Hausa: “Baba, baɗi ma mu dawo.”

Kama da wane ba ta wane, in ji masu iya magana. Ran Litinin da asuba ya koma bayan sitiyarinsa, jirgin da bai tuƙa ba kuwa ba zai tuƙa shi ba. Hoton yana nan manne a bangon shagon tela, tsakanin na manyan riguna masu aska takwas da na ɗinkin amare. Kwat ɗin aure ya bayar da ita ga wani ɗalibi sabon zuwa, ta kuwa yi masa daidai. Takardar awon ce ya riƙe. Tana ninke cikin jakar kuɗinsa, bayan lasin tuƙi, da rubutun yarinyar: ƙirji ɗari da goma, ciki ɗari da goma sha uku, sai tamanin da aka soke sau biyu kafin a rubuta ta daidai.